Barcin Iri da Farkawarsa: Abin da Wuta-wuta Ke Jira a Gonakinmu

Sharhinmu na yau na manoma ne, da malaman gona, da duk wanda tuwon gidansa ya dogara da abin da ƙasa ta bayar.

Akwai tambayar da manoman dawa da gero da masara suka daɗe suna yi, tun daga ƙasar Zazzau har zuwa Damagaram. Wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji ko gaugai, takan cinye wa mutum gona har ya haƙura ya daina shuka hatsi a cikinta. Ya yi shekara huɗu ko biyar yana shuka wani abu daban, bai ga ko furenta ɗaya ba. Ran da ya ce ai yanzu gona ta warke, ya mayar da dawa, kafin dawar ta yi ciki sai ga furanni masu ruwan hoda sun cika kunya-kunya. Daga ina ta fito? Wa ya shuka ta? A ina ta ɓuya duk waɗannan shekaru?

Amsar ita ce ba ta je ko'ina ba. Tana nan cikin ƙasa, a matsayin iri mai barci. Abin da nake so mu tsaya a kai yau ke nan, domin na yi imani manomin da ya san abin da ke sa iri barci da abin da ke tashinsa, ya riƙe makamin da babu mai sayar masa da shi a kasuwa.

Bari mu faro daga tushe. Ƙwayar iri abu ne mai rai. A cikinta akwai ɗan tsiro ƙanƙane, akwai abincin da uwar ta ajiye masa, sannan ga ɓawo ya lulluɓe su. Idan iri ya bushe, numfashinsa kan yi ƙasa sosai har ya zama kusan ba ya cin komai daga wannan abinci, shi ya sa yake iya daɗewa. Kafin ya tsira yana bukatar abu uku: ruwa, iska, da ɗumi daidai gwargwado. Ruwa ne ke fara shiga, ƙwaya ta kumbura, abincin da ke ciki ya narke, saiwa ta fasa ɓawo ta nufi ƙasa, daga baya toho ya nufi sama.

Geron da ke cikin rumbu bai tsira ba ne don bai sami ruwa ba. Wannan jira ne kawai. Amma akwai irin da za ka ba shi ruwa, ka ba shi iska, ka ba shi ɗumi, ya yi ƙememe ya ƙi fitowa, alhali da ransa lafiya lau. Wannan shi ne abin da masana ke kira barcin iri.

Me ya sa Allah Ya halicci tsirrai da wannan ɗabi'a? Duk wanda ya san damina a ƙasarmu ya san dalili. Ruwan farko kan sauka a bazara, ƙasa ta yi ƙamshi, sannan sama ta ɗauke mako biyu ko uku. Da a ce duk irin ciyawar daji zai tsira da wannan ruwan na farko, da rana ta ƙone shi baki ɗaya, zuri'ar ta ƙare a shekara guda. Saboda haka ciyawa irin su tafasa ba sa sakin 'ya'yansu gaba ɗaya. Wasu ƙwayoyin su fito bana, wasu baɗi, wasu sai bayan shekaru. Idan fari ya kashe na bana, na baɗi suna nan. Hausawa suka ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma irin daji a kan wannan hikima yake rayuwa.

Hanyoyin wannan barci suna da yawa, amma manyansu biyu ne. Ta farko daga waje take: ɓawo mai tauri wanda ruwa ba ya ratsa shi. Ta biyu daga ciki take: wasu sinadarai biyu da ke ja-in-ja a cikin ƙwayar. Ɗaya ana kiransa absisik, shi ne ke hana tsiro motsi. Ɗayan ana kiransa jibarelin, shi ne ke ingiza shi ya fito. Muddin na farko ya fi ƙarfi, iri na barci. Wucewar watanni, ko zafin rani, ko ruwa mai yawa, ko hasken rana, su ne ke karya ƙarfinsa. Ga ƙananan ƙwayoyin ciyawa da yawa, haske shi ne alamar cewa suna kusa da saman ƙasa, za su iya kaiwa waje kafin abincinsu ya ƙare. Abin da ya sa ke nan za ka yi huɗa gona ta yi fes, bayan kwana kaɗan ciyawa ta rufe ta. Garma ce ta ɗago ƙwayoyin da ke binne ta nuna musu rana.

Amfanin gonarmu kuwa kusan duk ya rabu da wannan barci, kuma kakanninmu ne suka raba shi da shi. Masu binciken tarihi sun gano alamun noman gero a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali tun kimanin shekaru 4,500 da suka wuce. Tun daga wancan zamani, ƙwayar da ta tsira da wuri ita ake girbewa, ita ake ajiyewa iri, wadda ta yi nawa kuma a bar ta a baya. A hankali aka sami gero da dawa da wake masu amsa ruwa cikin kwana biyu ko uku. Wannan alheri ne, amma yana da farashi. Mai yin binne ya san haka: idan yayyafi ya taɓa irin da ya binne, zai tsira, kuma idan ruwa bai biyo baya ba, shukar ta tafi. Mai noman gyaɗa ma ya sani: akwai nau'o'in gyaɗa masu saurin nuna da ba su da barci ko kaɗan, idan aka yi jinkirin cira kuma ruwa ya ci gaba, sai su tsira a cikin kwansonsu tun suna ƙasa.

To, mu dubi itatuwa, inda barcin iri ke ba masu rainon dashe wahala. Gawo, bagaruwa, kuka, ɗorawa, dukkansu ƙwayoyinsu na da ɓawo mai tauri. Mutum zai cika leda ɗari da ƙasa, ya shuka irin gawo, ya yi ta ban ruwa, kaɗan su fito, ya ce irin ba shi da kyau. Irin lafiyarsa ƙalau, ruwa ne bai shiga ba. A daji dabbobi ne ke wannan aikin. Awaki da shanu su ci 'ya'yan gawo da rani, ƙwayar ta bi ta cikinsu, ɓawon ya yi laushi, ta fito cikin kashi, ga taki a shirye. A wurin raino kuwa, dabarar mai sauƙi ce. A tafasa ruwa, a sauke shi daga wuta, a zuba a kan irin, a bar shi ya kwana a ciki. Ko kuma a sa reza ko abin yankan farce a ɗan kankare gefen ɓawon, nesa da idon ƙwayar, sannan a jiƙa. Wadda ta kumbura ta shirya, a shuka ta nan take.

Sai dai kada a ɗauka duk itatuwa haka suke. Ƙwarar kaɗanya, da irin darbejiya, da ƙwallon mangwaro, su akasin haka ne. Ba sa jure bushewa da doguwar ajiya. Irin darbejiya cikin 'yan makonni yake rasa ƙarfinsa, ƙwarar kaɗanya kuma da ɗanyenta ake shukawa. Wanda ya shanya su ya ajiye sai baɗi, gawa ya ajiye. Kowane iri da halinsa, kuma shirin dashen itatuwa da bai san wannan ba, kuɗi kawai zai zuba a leda.

Yanzu, tsawon wane lokaci iri zai iya yi a ƙasa yana jira? A shekarar 1879, wani malamin ilimin tsirrai a jihar Mishigan ta Amurka, mai suna William Beal, ya so ya amsa wa manoma wannan tambaya. Ya cika kwalabe 20 da yashi haɗe da irin ciyayi iri-iri, ya binne su a wani wuri a harabar makarantarsu, da nufin a riƙa tono ɗaya bayan wasu shekaru ana gwadawa. Ya mutu, waɗanda suka gaje shi suka ci gaba. A shekarar 2021 aka tono wata kwalbar, aka zuba yashin, aka ba shi ruwa da haske, kuma wasu ƙwayoyin suka tsira bayan fiye da shekaru 140. Wannan ya tabbatar da cewa kowace gona tana da rumbu biyu: wanda manomi ya gina a gida, da wanda ciyawa ta cika a ƙarƙashin ƙasa. Na biyun ba a ganinsa, amma shi ne ke yanke hukuncin yawan noman da za a yi kowace damina.

A cikin duk abin da ke wannan rumbu na ƙasa, irin wuta-wuta na cikin waɗanda suka iya jira sosai. Ku saurara da kyau, domin a nan maganar take.

Ƙwayar wuta-wuta ba ta kai rabin milimita ba, da ƙyar ido ke rabe ta da ƙura. Tushe ɗaya da aka bari ya yi fure ya nuna, yana iya zubar da ƙwayoyi dubu 50 ko fiye. Kuma ƙwayar na iya zama a ƙasa shekaru goma ko sama da haka da ranta. Saboda ƙanƙantarta, abincin da ke cikinta ba ya kai ta ko'ina. Idan ta tsira, kwanaki kaɗan gare ta ta sami saiwar da za ta kama, in ba ta samu ba ta mutu. Don haka ba ta tsira da ka. Sai sharuɗɗa uku sun cika.

Na farko, bayan ta faɗo daga uwar, sai ta yi watanni tana kammala nuna a cikin ƙasa. Ko an yi ruwa a ƙarshen damina ba za ta motsa ba, domin hatsin da za ta kama ya kusa girbi. Na biyu, idan sabuwar damina ta faɗi, sai ta yi mako ɗaya zuwa biyu cikin danshi da ɗumi kafin ta zama a shirye. Na uku, wanda shi ne abin mamaki, ko ta shirya ba za ta fito ba sai ta ji wani sinadari da saiwar dawa ko gero ko masara ke fitarwa cikin ƙasa. Ɗan mitsitsi daga cikinsa ya ishe ta, kuma ba ya tafiya nesa, sai ƙwayar da ke dab da saiwar ce ke jin sa. Idan damina ta wuce ba ta ji shi ba, sai ta koma barci ta jira wata shekara. Ga amsar tambayarmu ta farko. Shekarun da manomi ya yi bai shuka hatsi ba, yawancin ƙwayoyin ba su ji abin da suke jira ba, sai suka ci gaba da zamansu.

Da zarar ta tsira, sai ta miƙa ɗan zare ta manne da saiwar dawar, ta huda ta, ta haɗa jikinta da hanyar ruwa da abincin shukar. Daga nan za ta yi makonni huɗu zuwa bakwai a ƙarƙashin ƙasa tana tsotsa, babu mai ganinta. Manomi yana kallon dawarsa ta tsumbure, ganye ya yi rawaya yana naɗewa kamar ana fari alhali ƙasa a jiƙe take. Kafin wuta-wuta ta leƙo waje, ta riga ta yi mafi yawan ɓarnarta. A gonar da ta yi katutu, mutum na iya tashi ba shi da ko dami ɗaya na kirki.

Mai sauraro zai ce, to don me dawa za ta riƙa fitar da abin da ke tashin maƙiyinta? Masana sun daɗe da wannan tambaya. Tun a 1966 aka fara ware irin wannan sinadari daga saiwar auduga a Amurka, aka sa masa suna sitirigol, amma ba a san amfaninsa ga shukar kanta ba. Sai a 2005 wasu masu bincike a Japan suka gano cewa shuka na fitar da shi ne don kiran wasu ƙananan halittu masu kama da zare da ke zaune a ƙasa, waɗanda ke shiga saiwa su taimaka mata wajen jawo abinci, musamman sinadarin fosfaras. Idan ƙasa na da ƙarfi, shuka ba ta bukatar taimako sosai, sai ta rage fitar da shi. Idan ƙasa ta gaji, fosfaras da naitirojin suka yi ƙaranci, sai ta ƙara yawansa, wuta-wuta kuma ta amsa kiran da ba ita aka yi wa ba.

Dattawanmu sun daɗe suna cewa wuta-wuta ciyawar gajiyayyiyar gona ce, ba ta cika damun gonar bayan gida mai shan taki ba. Kimiyya ba ta ƙaryata su ba, dalilin kawai ta bayyana. Kuma wannan ne ya sa abin ke ci mini rai. Annoba ce mai zaɓen talaka. Wanda ba shi da kuɗin kamfa ko supa, ba shi da shanun da za su kwana a gonarsa, ba shi da wata gonar da zai koma ya bar wannan ta huta, shi ne wanda dawarsa ke ƙara kiran wuta-wuta kowace shekara. Amfani ya ragu, kuɗin taki ya ƙara nisa, ƙasa ta ƙara gajiya. Haka gonaki ke fita daga hannun masu su ba tare da kowa ya ƙwace ba.

Amma sanin sirrin barcinta ya buɗe ƙofofi, kuma zan ambaci huɗu.

Ta farko, a yaudare ta ta tsira inda babu abin kamawa. Akwai amfanin gona da saiwarsu ke fitar da wannan sinadari, amma wuta-wutar hatsi ba ta iya kama su. Auduga na ciki, waken suya na ciki, gyaɗa ma haka. Ƙwayar ta ji kira ta fito, ta nemi saiwar da za ta shiga ta rasa, cikin kwanaki ta mutu. Duk daminar da aka shuka irin waɗannan, an rage wani kaso na abin da ke ƙasa, ga kuma ƙarfin da waken suya da gyaɗa ke ƙara wa gona. Sai dai nau'o'in ba ɗaya suke ba wajen wannan aiki, shi ya sa ya kamata a tambayi malamin gona wanne ya fi. A kuma lura, wake yana da tasa wuta-wutar daban, wadda ba ta kama hatsi amma tana kashe wake. Cibiyar IITA, mai hedikwata a Ibadan da reshe a Kano, tare da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, sun fitar da nau'o'in wake masu jure mata, irin su SAMPEA 10.

A gabashin Afirka, cibiyar ICIPE da ke Kenya ta ɓullo da wata dabara mai kama da wannan tun a shekarun 1990. Ana shuka wata ciyawar dabbobi mai suna desmodiyam tsakanin layukan masara. Saiwarta na sa irin wuta-wuta ya tsira, sannan ta hana shi manne wa masarar. Manoma da dama a yammacin Kenya sun farfaɗo da gonakinsu ta wannan hanya, suka kuma sami abincin shanu.

Ƙofa ta biyu, a shuka hatsin da ba ya yawan kira. Farfesa Gebisa Ejeta, ɗan ƙasar Habasha da ya yi aiki a Sudan kafin ya koma Jami'ar Purdue a Amurka, ya shafe shekaru yana nazarin yadda dawa da wuta-wuta ke hulɗa. Shi da abokan aikinsa suka fitar da nau'o'in dawa waɗanda abin da saiwarsu ke fitarwa ba ya tashin irin wuta-wuta sosai. A kan wannan aiki aka ba shi babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 2009. A nan gida ma akwai nau'o'in masara da dawa masu juriya da cibiyoyin bincikenmu suka fitar. Matsalar ita ce manomi nawa ne a ƙauye ya taɓa ganinsu da idonsa?

Ƙofa ta uku, a ciyar da ƙasa. Takin gargajiya, shara da toka da kashin dabbobi, barin kara ya ruɓe a gona, barin gawo ya girma a tsakiyar gona, duk suna rage yunwar da ke sa shuka kira. Ga wanda ba shi da halin buhu, masu bincike na cibiyar ICRISAT a Sadore kusa da Yamai sun nuna cewa ɗan takin zamani kaɗan, wanda bai wuce cikin murfin kwalbar lemo ba, idan aka sa shi a kowane rami lokacin shuka, yana ba gero ƙarfin farawa fiye da a watsa shi a faɗin gona.

Ƙofa ta huɗu ita ce mafi sauƙi, ita ce kuma aka fi sakaci da ita: kada a bar ta ta zubar da iri. Sau da yawa manomi kan ce, tunda ta riga ta yi ɓarna, cire ta ɓata lokaci ne. Gaskiya ne cirewa ba za ta dawo da amfanin bana ba. Amma mu yi lissafi. Tushe 100 kacal, kowanne da ƙwaya dubu 50, ƙwaya miliyan 5 ke nan aka ƙara wa gona a damina ɗaya, kuma wasunsu za su jira har ɗan da ke goye yau ya isa riƙe fartanya. Cirewar bana ta shekaru goma masu zuwa ce. Lokacinta shi ne da ta fara fure, kafin 'ya'yan su ƙosa. Kada a yar da ita a bakin gona, domin 'ya'yan na iya ƙarasa nuna bayan an cire. A tara ta a ƙone, ko a binne a rami mai zurfi. A kuma sake zagaya gona bayan girbi, saboda takan ci gaba da fure a gindin kara lokacin da kowa ya ɗauke kai.

A haɗa da kula da hanyoyin da take bi ta shiga sabuwar gona. Iska da ruwa na ɗaukarta, ƙafar dabba da garmar shanu da tarakta ma haka. Amma babbar hanya ita ce irin shuka da kansa. Idan aka zube zangarniya a ƙasa a gonar da ke da wuta-wuta, ko aka yi sussuka a wurin, ƙurar irinta na shiga cikin hatsi. Wani ya saya a kasuwa ya shuka, ya kai wa kansa annoba da hannunsa. Wanda zai ajiye iri, ya zaɓe shi tun yana tsaye a kan kara, daga gona mai tsabta, kada ya bari ya taɓa ƙasa.

Ko ana iya cin nasara? Ana iyawa, kuma an yi. A 1956 aka gano wata 'yar'uwar wannan ciyawa a gonakin masara na jihohin Karolina ta Arewa da ta Kudu a Amurka. Hukuma ta killace yankin, ta sa ido kan fitar da ƙasa da kayan aiki da amfanin gona, ta sa ma'aikata bin gonaki suna kashe duk wadda ta leƙo kafin ta yi iri. Suka kuma riƙa ɗura iskar etilin cikin ƙasa, wadda ke tashin ƙwayoyin su tsira ba tare da hatsi a kusa ba, su mutu. Sun kusa shafe ta gaba ɗaya. Amma fa aikin ya ɗauki fiye da shekaru 50, a ƙasar da ke da kuɗi da injuna. Darasin da ke ciki shi ne, abin da ya iya jira, sai mai haƙuri da naci ne ke cin galabarsa. Shirin shekara biyu ko uku da za a buɗe da biki a rufe da rahoto ba zai taɓa ƙarar da irin da ke shekara goma a ƙasa ba.

Saboda haka kirana kashi uku ne. Ga gwamnatoci, a Najeriya da Nijar: ilimin nan yana nan a Samaru, yana nan a cibiyar INRAN ta Nijar, yana nan a jami'o'inmu. Abin da ya rage shi ne malamin gona mai babur da mai a tankinsa, wanda zai kai shi ƙauye, da ingantaccen iri a ƙananan ƙulli da talaka zai iya saya kafin ruwa ya sauka, ba bayan an gama shuka ba. A tsara yaƙi da wuta-wuta a kan shekaru goma, a kuma riƙa auna nasararsa da raguwarta a gonaki.

Ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan mutum ɗaya ya tsabtace gonarsa, maƙwabcinsa ya bar tasa ta yi fure, ruwa da iska za su raba musu irin daidai. A sa ranar gayya ta cire wuta-wuta a kowace damina, lokacin da ta fara fure, a sanar a masallaci da kasuwa, matasa da 'yan makaranta su fito. Aiki ne da ba ya bukatar ko sisi daga waje.

Ga manomi kuma, ɗan'uwana: kada ka maimaita dawa a kan dawa shekara da shekaru a gonar da ta kamu. Juya ta da waken suya ko gyaɗa ko auduga. Kai mata duk takin da ka samu, komai ƙanƙantarsa. Nemi iri mai juriya, ka kuma gwada irinka kafin shuka: ƙirga ƙwaya 100, shimfiɗa su a jiƙaƙƙen buhu a inuwa, ka riƙa yayyafa ruwa, bayan mako guda ka ƙirga waɗanda suka fito, ka san abin da za ka kai gona. Sannan duk furen wuta-wutar da ka gani, ka tsuguna ka cire shi, ko da hatsin bana ya riga ya tafi. Shekarar farko ba za ka ga bambanci sosai ba. Ta uku da ta huɗu za ka fara gani. Gonar da ka gada amana ce, kuma yadda ka bar cikin ƙasarta haka 'ya'yanka za su same shi.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana amfaninmu daga fari da ƙwari da annoba, Ya sa mu girbe lafiya mu ci lafiya.